Yadda Ake Shirya Wasan Barkwanci na Kiɗa da Waƙa a Kan Ƙungiyar Addini Mai Cece-kuce

A watan Nuwamba na 2003, a wani ƙaramin zauren wasa da ke birnin New York na Amurka, wasu yara 'yan shekara 8 zuwa 12 suka hau dandamali suka gabatar da tarihin L. Ron Hubbard, wanda ya kafa addinin Sayantoloji, cikin waƙa da rawa, a irin salon wasan da yaran coci ke yi lokacin Kirsimeti. Sunan wasan A Very Merry Unauthorized Children's Scientology Pageant. Kyle Jarrow ne ya rubuta shi ya kuma tsara waƙoƙinsa, Alex Timbers kuma ya ba da umarni. Tsawonsa bai wuce kamar awa ɗaya ba, amma ya samu lambar yabo ta Obie a 2004, kuma daga baya an sake yin sa a Los Angeles da wasu biranen. Bayan kimanin shekara bakwai, a watan Maris na 2011, aka buɗe The Book of Mormon a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, wasan da ya taɓa cocin Momon ta Amurka, ya kuma kwashe lambobin yabo na Tony har guda 9. Daga waɗannan wasanni biyu, da wasu kaɗan da suka gabace su, mai sha'awar rubutun wasan kwaikwayo zai iya koyon yadda ake wannan aiki, da inda ake yin daidai, da inda ake zarce iyaka.

Fara da tantance abin da kake suka

Kafin marubuci ya rubuta baiti ko ɗaya, wajibi ne ya amsa wa kansa tambaya guda: me yake so ya soka? Akwai bambanci mai girma tsakanin yi wa mutum ba'a saboda abin da ya yi imani da shi a zuciyarsa, da fallasa abin da shugabannin wata ƙungiya ke aikatawa da kuɗin mabiyansu da sirrinsu da 'yancinsu. Na farkon izgili ne, kuma ba ya gyara komai, domin wanda aka yi wa ba ya ƙaruwa da komai sai ƙarin riƙo da abin da yake kai. Na biyun shi ne aikin da ya cancanci wahalar watanni. A ra'ayina duk wasan da ya kasa rarrabe waɗannan biyu ya riga ya faɗi tun a takarda, ko da kuwa 'yan kallo sun yi dariya har da hawaye.

Sayantoloji misali ne mai kyau saboda abubuwan da ake zarginta da su a rubuce suke a takardun kotu. Hubbard, wanda aka haifa a 1911 ya mutu a 1986, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ne kafin ya fitar da littafinsa Dianetics a 1950, sannan aka yi wa cocin Sayantoloji rajista a 1953. Mabiya suna biyan kuɗi don zaman tambayoyi da ake yi da wata na'ura mai suna E-meter, kuma suna hawa mataki-mataki, kowane mataki da farashinsa. A 1977 jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, sun kai samame ofisoshin cocin, daga bisani aka samu manyan mambobinta 11 da laifi, ciki har da matar Hubbard, Mary Sue, kan kutsawa cikin ofisoshin gwamnati da satar takardu. A 1993 hukumar harajin Amurka ta amince da ita a matsayin ƙungiyar addini da ba ta biyan haraji, bayan doguwar taƙaddama. A 2009 wata kotu a Faransa ta same ta da laifin zamba cikin tsari, kuma a Jamus hukumar tsaron cikin gida ta fara sa mata ido a 1997. Duk wannan abin rubutu ne mai yawa, kuma babu ko ɗaya daga ciki da ke buƙatar a ci mutuncin talakan da ya shiga ƙungiyar yana neman sauƙin damuwarsa.

Wannan salo ba sabo ba ne. Molière na Faransa ya rubuta Tartuffe a kan munafuki mai fakewa da ibada, aka hana wasan a 1664, sai a 1669 aka ba shi izini. Wole Soyinka ya yi The Trials of Brother Jero a 1960 a kan wani mai da'awar annabci a gaɓar tekun Legas wanda ke wasa da hankalin mabiyansa. A ƙasar Hausa ma 'yan kama sun daɗe suna kwaikwayon salon wa'azi suna juya shi ya koma maganar tuwo da miya, yara kuma a tashe suna tsokanar malam da cewa ya yi rawa. A duk waɗannan, halin mutum ake taɓawa, abin bautarsa kuwa ana barin sa a inda yake.

Bincike kafin raha

Mataki na biyu shi ne karatu, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Marubuci ya tattara littattafan ƙungiyar da ita kanta ta wallafa, da hukunce-hukuncen kotu, da rahotannin jaridu masu daraja, da bayanan waɗanda suka taɓa zama mabiya suka fita. Idan zai yiwu ya zauna da waɗanda har yanzu suke ciki, ya saurare su da ladabi, domin daga bakinsu ne zai ji yadda suke magana, da kalmomin da suke maimaitawa, da abin da ya ja su tun farko. Trey Parker da Matt Stone da Robert Lopez, waɗanda suka rubuta The Book of Mormon, sun yi kusan shekara bakwai a kan aikin, kuma sun je birnin Salt Lake City, hedikwatar cocin Momon, sun tattauna da matasan da suka taɓa fita wa'azi ƙasashen waje.

Ya kamata a buɗe fayil na musamman inda kowace magana da za a faɗa a dandamali game da ƙungiyar take da madogararta: sunan littafi da shafi, ko lambar shari'a da shekara. Wannan fayil zai yi amfani a gaban lauya, amma amfaninsa na farko ga marubucin ne, domin yana hana shi ƙarin gishiri. Babbar dabarar da Jarrow ya bi ita ce ya ɗauko yawancin maganganun wasan daga rubuce-rubucen Hubbard da takardun cocin, ya sa su a bakin yara ba tare da ya ƙara sharhi ba. Idan yaro ɗan shekara tara ya tsaya da fuska a ɗaure yana bayyana labarin Xenu, sarkin sararin samaniya da koyarwar sirri ta cocin ta ce ya kawo ɗimbin halittu duniya shekara miliyan 75 da suka wuce, ba a buƙatar marubuci ya gaya wa kowa abin da zai ji. Mai kallo shi ne alƙali, kuma wanda ake suka ba shi da damar cewa an yi masa ƙage tunda maganarsa ce aka maimaita.

Zaɓen salo da gina labari

Wasa irin wannan yana tsayuwa ne a kan saɓani tsakanin siffarsa da abin da ke cikinsa. Wasan yaran Kirsimeti abu ne da Amurkawa suka sani tun suna ƙanana: tufafin da iyaye suka ɗinka a gida, fukafukan mala'iku na kwali, yara masu mance layinsu. Da aka zuba tarihin ƙungiya mai dukiya da lauyoyi a cikin wannan siffa, dariyar ta fito da kanta. Masu The Book of Mormon kuma sun ɗauki siffar tsofaffin wasannin Broadway masu cike da fara'a da kyakkyawan fata, wadda ta yi daidai da murmushin matasan Momon masu farar riga da baƙin wando da ke bi gida-gida suna danna ƙararrawa. Don haka marubuci ya tambayi kansa wace siffa ce 'yan kallonsa suka saba da ita, kuma wacce ce za ta fito da abin da yake son nunawa ba tare da ya yi wa'azi ba.

Bayan siffa sai mutum. Tarin barkwanci ba ya riƙe zaure na awa biyu. Dole a samu wani da 'yan kallo za su damu da makomarsa. Mafi kyau shi ne mabiyi mai gaskiya, wanda ya shiga da zuciya ɗaya, yana da buri, sannan ya yi karo da abin da bai zata ba. A The Book of Mormon matasa biyu ne aka tura Uganda, ɗaya mai ji da kansa da ke burin a kai shi birnin Orlando na Amurka, ɗaya kuma mai yawan shirga ƙarya wanda ko littafin cocin bai karanta ba. A wasan yaran kuwa, a tsakiyar raha, akwai waƙa mai taushi da ke nuna kaɗaici da raɗaɗin da ke sa mutum neman mafaka a irin wannan ƙungiya. Irin wannan fitowa ita ce ke raba aikin gwani da na mai neman suna, domin tana tuna wa mai dariya cewa wanda yake yi wa dariyar mutum ne irinsa, kuma shi ma da rayuwa ta matse shi zai iya bin duk wanda ya yi masa alkawarin waraka.

Rubuta waƙoƙi

A nan ne aikin ya fi buƙatar haƙuri. Waƙar farko ita ce ke gaya wa 'yan kallo irin wasan da suka zo gani, saboda haka a cikin mintuna biyar na farko su san cewa an halatta musu dariya, su kuma san su wane ne a gabansu. Bayan ta sai waƙar da jarumin zai bayyana burinsa. Daga nan kowace waƙa ta kasance tana tura labarin gaba. Idan za a iya cire waƙa labarin bai girgiza ba, to a cire ta ko da tana da daɗi.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce mai waƙar kada ya san cewa abin dariya yake faɗa. Ya rera da iyakar gaskiyarsa, kiɗan kuma ya mara masa baya da dukkan ƙarfi. Akwai waƙa a The Book of Mormon inda matashin ke jero abubuwan da ya gaskata ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga sauyin da cocin ta yi a 1978 na barin baƙaƙen fata su riƙe muƙamin limanci, kuma yana rerawa ne da zuciya ɗaya a gaban ɗan bindiga. Da ɗan wasan ya kashe ido ga 'yan kallo, da waƙar ta mutu. Wannan shi ne abin da mai ba da umarni zai riƙa nanata wa 'yan wasa a kowane gwaji.

Sai kuma al'amuran sana'a. Kalmar da ke ɗauke da dariyar a ajiye ta a ƙarshen layi, inda amsa-amo ke faɗuwa, domin kunne yana jiran wannan wuri. Bayan layi mai ban dariya a bar wa makaɗa ɗan fili su yi kiɗa zalla, don kada dariyar ta haɗiye layi na gaba. Amshi ya zama mai sauƙi, amma a duk dawowarsa a canza masa kalma ɗaya ko yanayin da ake rera shi, ta yadda ma'anarsa za ta ƙara nauyi. Kada ganga da sauran kayan kiɗa su danne murya, domin a wasan barkwanci duk kalmar da ba a ji ba asara ce. Game da karin waƙa kuwa, a ƙirƙiri sabo wanda ya yi kama da salon waƙoƙin ƙungiyar, kada a ɗauki nasu kai tsaye. Kwaikwayon salo ba laifi ba ne a doka, amma ɗaukar waƙar wani sukutum yana buɗe ƙofar ƙarar haƙƙin mallaka.

Inda ake zarce iyaka

Ba duk abin da waɗannan wasanni suka yi ne abin koyi ba. A The Book of Mormon akwai waƙar da mutanen ƙauyen Uganda ke zagin Ubangiji saboda wahalar da suke ciki, kuma ina ganin wannan kuskure ne babba, domin ta bar batun coci da shugabanninta ta koma cin zarafin abin da biliyoyin mutane ke bauta wa, waɗanda ba su da hannu a rigimar. Ga marubuci Musulmi ma maganar a yanke take, tunda aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Haka kuma wasan ya nuna 'yan Afirka a matsayin jahilai da cuta da yaƙi suka dabaibaye, aka mai da su kayan dariya a labarin da ba nasu ba. A 2020 baƙaƙen fata daga cikin 'yan wasan suka rubuta wa marubutan takarda suna nuna damuwarsu, kuma da aka sake buɗe wasan a 2021 an gyara wasu sassa don a ƙara wa 'yan ƙauyen daraja da wayo. Darasin a nan shi ne marubuci ya bi rubutunsa layi-layi yana tambayar wanda kowace dariya ta faɗa a kansa. Idan ta faɗa a kan mai ƙarfi da ke cutar da mutane, a bar ta. Idan ta faɗa a kan marar ƙarfi da ya shigo labarin a matsayin ɗan rakiya, a soke ta.

Lauya kafin labule

Babu wanda ya kamata ya sayar da tikiti ko ɗaya kafin lauya masanin dokar ɓata suna da haƙƙin mallaka ya karanta rubutun gaba ɗaya. Cocin Sayantoloji ta shahara da kai ƙara. Lokacin da mujallar Time ta buga dogon rahoto a kanta a 1991, cocin ta nemi diyyar dala miliyan 416, kuma ko da yake an kori ƙarar, shari'ar ta ɗauki shekaru kusan goma kafin ta ƙare. A tsakiyar shekarun 1990 ta kai ƙarar waɗanda suka saka rubuce-rubucenta na sirri a intanet. Masu wasan yaran ma sun samu wasiƙa daga shugaban cocin na New York tun kafin a buɗe, inda ya nuna rashin jin daɗinsa ya kuma ambaci ƙararrakin da cocin ta taɓa shigarwa. Bisa shawarar lauyoyi ne suka ƙara a sunan wasan kalmar da ke nuna cewa ba da izinin cocin aka yi shi ba, don kada wani ya ce an yaudare shi.

Abin da ya ba su kariya shi ne dokar ƙasarsu. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka yana kare 'yancin faɗin albarkacin baki, a 1988 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar mujallar Hustler da mai wa'azi Jerry Falwell cewa fitaccen mutum ba zai karɓi diyya ba a kan zambon da babu mai hankalin da zai ɗauke shi a matsayin labarin gaskiya, kuma a 1994 ta amince cewa kwaikwayo na barkwanci yana iya shiga cikin halattaccen amfani da aikin wani. A Amurka da Ingila ba a kai ƙarar ɓata sunan mamaci, shi ya sa taɓa Hubbard ya fi sauƙi a kan taɓa shugabannin da ke raye. A Ingila an soke tace wasannin dandamali a 1968, an kuma soke dokar saɓo a 2008, shekara guda bayan babbar kotu ta ƙi amincewa da ƙarar da wata ƙungiyar Kirista ta shigar kan wasan Jerry Springer: The Opera.

Mai karatu a Najeriya kada ya ɗauka wannan kariya ta shafe shi. Sashe na 204 na dokar laifuka ta kudu da sashe na 210 na dokar Penal Code ta arewa sun haramta cin zarafin addini a bainar jama'a, jihohin da ke bin shari'ar Musulunci suna da nasu tanadi mai tsanani, kuma a Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001. Duk wanda zai yi wasa a kan masu damfara da sunan addini a nan gida, ya ƙirƙiri ƙungiya da shugaba na ƙage kamar yadda Soyinka ya yi, ya tsaya a kan hali, ya kuma nemi izinin hukuma.

Gwaji, tsaro da ranar buɗewa

Kafin a kashe kuɗi a kan tufafi da fitilu, a yi zaman karatu inda 'yan wasa za su karanta rubutun su rera waƙoƙin da kayan kiɗa guda ɗaya a gaban mutane kaɗan. A gayyaci wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyar, domin shi ne zai nuna inda aka yi kuskure a kalma ko a al'ada, kuma kuskure ɗaya ya isa ƙungiyar ta riƙe shi ta ce duk wasan ƙarya ne. A lura da inda aka yi dariya da inda aka yi shiru, a rage duk abin da ya ja. Idan da yara a cikin 'yan wasa, iyayensu su karanta rubutun dukkansa su sa hannu, a kuma gaya musu a fili cewa mai yiwuwa a samu matsin lamba.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. A watan Disamba na 2004 gidan wasan Birmingham Rep a Ingila ya dakatar da wasan Behzti bayan masu zanga-zanga 'yan addinin Sikh sun farfasa tagogi, marubuciyar kuma ta ɓuya na wani lokaci. Saboda haka a sanar da masu zauren da 'yan sanda tun da wuri, a tanadi inshorar da ke ɗaukar nauyin shari'a, a rubuta a jikin tikiti da takardar talla irin abin da wasan ya ƙunsa da shekarun da suka dace da kallo, don kada kowa ya shiga bisa rashin sani.

A kuma naɗa mutum ɗaya da zai riƙa magana da 'yan jarida, a shirya masa amsa mai natsuwa, domin ba a san yadda ƙungiyar za ta mayar da martani ba. Cocin Momon ba ta kai ƙara ba. Ta fitar da gajeriyar sanarwa, daga baya ta sayi shafukan talla a cikin littafin shirin da ake raba wa 'yan kallo tana gayyatarsu su karanta littafinta, kuma a 2015 an yi wasan a Salt Lake City kanta. Idan martanin ya zo da wasiƙar lauya, kada wani daga cikin 'yan wasa ya amsa a Facebook ko a gaban kyamara. A miƙa wasiƙar ga lauyan wasan tare da fayil ɗin madogara, idan kuma ya tabbata akwai layin da ba shi da hujja, a gyara shi kafin wasan dare na gaba.